Ciwon da Gwaji Bai Gani Ba: Labarin Matan Manoma a Ƙasar Japan

   

Yau shirinmu zai kai mu ƙasar Japan. Amma ba Tokyo za mu ba. Ƙauye za mu shiga, wurin manoman shinkafa. Za mu yi magana a kan wani ciwo da ya daɗe yana damun matansu. Mace ta je asibiti tana kukan jiki. A auna jini, a ɗauki hoto, a duba zuciya. Likita ya dubi takarda ya ce, "Ban ga komai ba." Ta koma gida, ciwo kuwa yana nan.

Maganar da nake so ku riƙe tun daga farko ita ce: ciwon da gwaji bai gani ba, ciwo ne na gaske. Zan sake faɗa. Ciwon da gwaji bai gani ba, ciwo ne na gaske.

Shirin kashi huɗu ne. Na farko, yadda ciwon yake. Na biyu, irin rayuwar da ta haife shi. Na uku, abin da ke faruwa a cikin jiki. Na huɗu, abin da aka yi a Japan, da abin da za mu iya ɗauka.

To, mu shiga kashi na farko: yadda ciwon yake.

Likitocin Japan suna da sunan da suke kiran irin wannan kuka. Suna cewa futei shuso. Wato kukan ciwo marar tsayayyen wuri. Yau kai ne ke sarawa, gobe ciki ne, jibi kafaɗa. Mai ciwon tana jin sa sarai, amma awo bai nuna tushensa ba.

A ƙauyukan manoma abin ya yi yawa, har aka ba shi suna na daban. Tun a shekarun 1940, wani likita a tsibirin Hokkaido, can arewacin ƙasar, ya lura matan manoma suna zuwa masa da koke iri ɗaya. Ya kira shi ciwon matan manoma. Daga baya aka ga maza ma suna yi, sai aka faɗaɗa sunan ya zama nofusho, wato ciwon manoma. Amma mu lura, a jikin mata aka fara ganin sa. Kuma binciken da aka riƙa yi daga baya ya nuna ya fi kama mata.

Mutumin da ya fi kowa ɗaukar wannan lamari da muhimmanci shi ne Dakta Toshikazu Wakatsuki. Likitan tiyata ne. A shekarar 1945 ya bar Tokyo, ya kama aiki a wani ƙaramin asibiti a yankin Saku, cikin duwatsun lardin Nagano. Wuri ne mai tsananin sanyi. A can ya yi sauran rayuwarsa, har ya rasu a 2006.

Shi da abokan aikinsa suka tsayar da alamomi takwas na wannan ciwo. Ku saurara, zan lissafa a hankali. Ɗaya, riƙewar kafaɗa da wuya. Biyu, ciwon baya da ƙugu. Uku, hannu da ƙafa su riƙa mutuwa. Huɗu, yawan tashi fitsari da dare. Biyar, haki. Shida, rashin barci. Bakwai, jiri. Takwas, kumburin ciki.

Sai suka mai da shi lissafi. Alamar da mutum ke ji kullum, maki 2. Wadda yake ji jefi-jefi, maki 1. Wadda ba ya ji, ba maki. Duk wanda makinsa ya kai 7, an ce yana da ciwon manoma, sai a sa masa ido.

Mene ne amfanin wannan lissafi? Amfaninsa babba ne. A da, matar da ta ce kafaɗarta ta riƙe, sai a ce gajiya ce kawai. Yanzu an rubuta kukanta a takarda. An ƙirga shi. An kwatanta ƙauye da ƙauye, bara da bana. Abin da aka ƙirga kuwa, da wuya a ce babu shi.

Wannan shi ne kashi na farko. Yanzu kashi na biyu: wace irin rayuwa ce ta haifi wannan ciwo?

Masu sauraro, mu leƙa gidan wani manomi a Nagano wajen shekarar 1960. Mu bi matar ɗan gidan daga asuba zuwa dare.

A al'adar Japan ta lokacin, babban ɗa shi ke gadon gida da gona. Matarsa tana tarewa ne a gidan iyayensa. Ana ce mata yome, wato matar ɗa. Ita ce farkon tashi. Madafin a ƙasa yake, daɓen ƙasa mai sanyi, ga shi ba a ɗumama shi. Ta hura wuta, ta ɗora shinkafa, ta ɗebo ruwa. Kowa ya ci, sannan ta ci.

In lokacin dashe ne, sai ta shiga fadamar shinkafa. Ruwa ya kai mata ƙauri, ruwan da ya gangaro daga duwatsu, mai sanyi ƙarara. Ta sunkuya. Damin tsiro a hannun hagu, hannun dama yana cusawa cikin laka. Ta cusa, ta matsa. Ta cusa, ta matsa. Haka har rana ta faɗi. A wancan lokacin, da hannu ake dashe, domin injin dashe bai bazu ba sai a shekarun 1970. Wasu, wuyan hannunsu kan kumbura saboda yawan cusa tsiro, su ɗaure da tsumma su ci gaba.

Gidaje da yawa a Nagano suna kiwon tsutsar siliki. Tsutsar nan ci gare ta, dare da rana. Ke nan bayan aikin gona, akwai yankan ganye da zuba mata, wani lokaci har tsakar dare. Ga wanki, ga yara, ga ɗinki. Ruwan wanka guda ake dafawa a babban baho, a shiga bi da bi. Mai gida ne farko. Matar ɗa ce ƙarshe, lokacin ruwan ya huce. Ita ce ƙarshen kwanciya.

Kuɗin shinkafa fa? Yana hannun uban miji ko uwar miji. Ko sabulu take so, sai ta tambaya. Ko asibiti za ta, sai ta nemi izini, kuma ta san za a ce aiki ya tsaya. Ta haihu, ba ta gama warwarewa ba, an koma gona. A wasu yankuna har ana yi wa matar ɗa laƙabi da saniya marar ƙaho. Ku ji wannan kalma, jama'a. Tana aiki, ba ta tunkuyi.

A shekarar 1947 aka sauya dokar iyali a Japan. Tsarin da ya ba mai gida iko a kan kowa ya faɗi a takarda. Amma al'ada ba ta bin takarda da sauri.

Sai kuma wani sabon nauyi ya zo. A shekarun 1960 masana'antu suka bunƙasa. Maza majiya ƙarfi suka riƙa tafiya birni neman kuɗi, musamman da hunturu, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe gonaki. Suna kiran wannan tafiya dekasegi. Mu nan mun san ta, ita ce cin rani. Wasu kuma suka kama aikin albashi, gona ta zama ta ranar hutu. Wa aka bar wa noma? Kaka namiji, kaka mace, da uwar yara. Har aka yi wa abin suna, noman mutum uku. A cikin ukun nan, uwar yara ce mai ƙarfi a jika. Aikin namiji ya hau kan aikin mace, ba a sauke mata ko ɗaya ba.

A kan wannan duka, akwai haƙuri. Mutanen Japan suna girmama juriya ƙwarai. Suna ce mata gaman. Mace ta gari ba ta ƙorafi. Dakta Wakatsuki ya lura cewa cututtukan da ke ɓoye a ƙauye iri biyu ne. Akwai wanda mutum bai san yana da shi ba. Akwai kuma wanda ya sani sarai, amma yana daurewa. Saboda rashin kuɗi, saboda aiki, saboda kunyar surukai. Sai abu ya ci ƙarfinsa a kawo shi asibiti, lokacin an makara.

Ku tsaya ku yi tunani. Matar ɗa ba za ta iya cewa, "Na gaji da gidan nan" ba. Ba za ta iya cewa, "Maganar surukata ta ƙona min rai" ba. Amma za ta iya cewa, "Kafaɗata ta riƙe." Wannan kowa zai ji shi ba tare da an yi faɗa ba. Kuma ba ƙarya take yi ba. Kafaɗar ta riƙe ɗin.

Wata masaniyar halayyar al'umma daga ƙasar Kanada, Margaret Lock, ta yi bincike a Japan a shekarun 1980. Ta tambayi mata sama da 1,000, masu shekara 45 zuwa 55, na birni da na ƙauye, har da manoman Nagano. Shekaru ne na ɗaukewar al'ada. A Amurka da Kanada, mata a wannan mataki sun fi matan Japan kukan zafin jiki mai tasowa farat ɗaya. A Japan kuwa, riƙewar kafaɗa ce ta fi yawa a bakinsu. Ta kuma lura cewa abin da ya fi tsaya wa da yawansu a rai shi ne jinyar tsofaffin gida. Matar da ta yi wa surukai hidima tana amarya, ita ce za ta yi jinyarsu in sun kwanta. Ta juya su, ta wanke su, ta ba su abinci a baki, wani lokaci shekara da shekaru.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan matan manoma a Japan, da ciwon jikin da gwajin asibiti ba ya gani. Mun zo kashi na uku: me ke faruwa a cikin jiki?

A ce kina tsinkar ganye a gona, sai kika ga maciji a gabanki. Me za ki ji? Gabanki ya faɗi. Zuciya ta hau bugawa. Numfashi ya yi sama. Jiki ya ɗaure. Bakinki ya bushe. Ke kika sa jikinki ya yi haka? A'a. Akwai wasu jijiyoyi da Allah Ya halitta masu aiki da kansu, ba sa jiran umarninmu. Su ke kula da bugun zuciya, da numfashi, da narkar da abinci, da zufa. Da ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai ta buga musu ƙararrawa. Wasu sinadarai su kwarara cikin jini. Ana kiran su adirenalin da kotizol. Aikinsu su shirya jiki don gudu ko kare kai.

Maciji ya wuce, jiki ya saki. Wannan lafiya ce.

To, idan abin tsoron a cikin gida yake fa? Idan bashi ne, ko harara, ko aikin da ba ya ƙarewa, ko majinyacin da ke kira da tsakar dare? Wannan ba ya wucewa. Sai jiki ya zauna a ɗaure, wata da watanni. Kamar babur ne da aka kafe shi a tsaye, aka bar shi a kunne, ana ta murza masa wuta. Ba ya zuwa ko'ina, amma mai yana ƙonewa, inji yana zafi.

Naman kafaɗa da na wuya ya ɗaure, sai ciwon kai ya biyo. Hanji ya rikice, sai kumburin ciki. Numfashi ya zama gajere-gajere, sai jiri da mutuwar yatsu. Barci ya ƙaurace. Wanda bai yi barci ba kuwa, ciwo kaɗan yakan zame masa babba, domin jijiyoyin da ke kai saƙon zafi sun ƙara kaifi. Ciwo ya hana barci, rashin barci ya ƙara ciwo.

Me ya sa gwaji bai gani ba? Domin hoto yana neman karaya ne ko ƙari. Awon jini yana neman ƙwayar cuta ne ko ƙarancin wani abu. A nan kuwa gaɓoɓin ƙalau suke, yadda suke aiki ne ya hargitse. Shi ya sa muka ce, ciwon da gwaji bai gani ba, ciwo ne na gaske.

Amma a nan akwai gargaɗi, ku ba ni kunnuwanku. Kada a ɗora wa damuwa komai. Likitocin Saku ba su ce ciwon manoma daga zuciya kaɗai yake ba. Sun lissafa aikin ƙarfi fiye da kima, da sanyi, da abincin da shinkafa da gishiri suka yi masa yawa, sannan da ɓacin ran zaman gida. Sun kuma ɗauke shi a matsayin gargaɗi, domin a bayansa ana iya samun hawan jini ko ciwon zuciya ko na ƙoda. Ƙarancin jini yana kawo jiri da haki. Ciwon suga yana kawo fitsarin dare da mutuwar ƙafa. Don haka gwaji wajibi ne. A fara da gwaji. In an ga cuta, a yi magani. In ba a gani ba, kada a sallami mace da cewa lafiyarta ƙalau. A tambaye ta yadda take kwana da yadda take wuni.

Yanzu kashi na huɗu, na ƙarshe: me aka yi a Japan?

Abu na farko, likita ya je wurin mutane. Tun a 1945 ma'aikatan asibitin Saku suka fara fita ƙauyuka suna duba jama'a. Kafin ko bayan dubawa, sai likitoci da ma'aikatan jinya su yi wasan kwaikwayo a gaban manoma, a kan haɗarin daure wa ciwo. Dakta Wakatsuki ya san dogon jawabi ba ya shiga kunnen wanda ya wuni a sunkuye. A 1952 aka kafa ƙungiyar likitocin karkara ta Japan, shi ne jagoranta. A 1959 suka fara duba lafiyar mutanen ƙauyen Yachiho gaba ɗaya, duk shekara, kowa da littafinsa. Takensu kuwa irin namu ne: rigakafi ya fi magani. In gwajin na kowa da kowa ne, matar ɗa ba ta buƙatar roƙon izini. Ku lura da wannan hikima.

Abu na biyu, an taɓa aikin kansa. Daga ƙarshen shekarun 1940 gwamnati ta fara tura ma'aikata mata ƙauyuka don gyara zaman gida. Suka koyar da gina murhu mai tsayi da bututun hayaƙi, mace ta yi girki a tsaye, ido ba ya yaji. A wasu ƙauyuka aka riƙa girki na haɗin gwiwa da renon yara a wuri guda lokacin dashe da girbi. A yankin Saku aka gwada sa murhun ɗumama ɗaki a gidajen manoma, aka kuma koyar da motsa jiki don miƙe bayan da ya wuni a lanƙwashe. A 1961 inshorar lafiya ta game kowa a ƙasar, kuɗin asibiti ya yi sauƙi.

Abu na uku, an ba mace murya da haƙƙi. Daga 1995 ma'aikatar gona ta ƙarfafa wani tsari, yarjejeniyar iyali. Mutanen gida su zauna, su rubuta, su sa hannu. Wa zai yi wane aiki, a gona da cikin gida? Awa nawa? Wace rana ce hutu? Nawa za a riƙa ba kowa, ya shiga asusunsa na kansa? Gidajen manoma sama da 50,000 sun ƙulla irin wannan. A shekarar 2000 kuma aka fara inshorar kula da tsofaffi, yadda ma'aikata kan zo gida su taimaka, ko tsoho ya wuni a cibiyar kulawa, mai jinya ta samu ta numfasa.

Shin matsalar ta ƙare? Ba ta ƙare ba. Ƙidayar 2020 ta nuna matsakaicin shekarun manoman Japan ya kusa 68. Kusan 4 cikin 10 mata ne. Matasa sun tafi birni. Yanzu za ka tarar da mace mai shekara 70 tana noma, tana kuma jinyar miji ko surukar da ta haura 90. Har yanzu a ƙaramin ƙauye mutane suna jin nauyin a gan su a ƙofar likitan ƙwaƙwalwa. Shi ya sa da yawa suke zuwa wurin likitan jiki da kukan kafaɗa da jiri, alhali ciwon damuwa ne ke cin su.

Masu sauraro, Japan tana da nisa. Amma akwai gidajen da mai gida ya tafi cin rani a nan ma. Akwai matan da ke daka, da surfe, da ɗebo ruwa, da jinyar tsofaffi, su ce maka "ciwon jiki ne kawai". Don haka ga saƙo uku.

Ke 'yar'uwa mai fama, ki je asibiti. Ki faɗi duk abin da kike ji, har da rashin barci, har da yawan tunani, har da kukan da kike yi ke kaɗai. Kada ki dogara da ƙwayar kashe zafi ta kemis kullum, domin yawan shan wasunsu yana illa ga ciki da ƙoda. In kin ga rama ba dalili, ko zubar jini, ko kullutu a jiki, ko ciwon ƙirji, ko zazzaɓin da ya ƙi sauka, kada ki jira gobe. In kuma tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki faɗa wa wani amintacce yau, a kai ki wurin likita.

Kai mai gida, da ke uwar miji. In an dawo daga asibiti an ce ba a ga komai ba, kada ku ce raki ne. Kada ku ce lalaci ne. Ku lissafa aikin da ta yi jiya daga asuba zuwa dare. Ku sauke mata ɗaya. Ku raba jinyar tsoho tsakanin 'ya'yansa. Ku bar mata wani abu a hannunta daga amfanin gonar da ta sha wahalarsa. Haƙuri abu ne mai kyau, amma bai kamata mutum ɗaya ya riƙa yin na gida duka ba.

Ku kuma ma'aikatan lafiya, in takarda ta fito fes, aikinku bai ƙare ba. Ku gaya mata kun yarda tana jin ciwo. Ku bayyana mata yadda damuwa ke ɗaure jiki. Ku tambaye ta, wa ke taya ki aiki? Awa nawa kike barci? Ku ba ta ranar dawowa.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau. Ku tattauna wannan magana a gida, maza da mata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba.